Ƙafar Baba

A makon da ƙafar Baba ta soma wari, darasin da nake koyarwa a wata sakandare a Hunkuyi shi ne yadda ake faɗin abin da mutum ya fi so da Turanci, da yadda ake ba da shawara mai gargaɗi a bayanta. Na rubuta a allo: You had better see a doctor. Na ce wa ɗalibai ma'anarta, gara ka ga likita tun wuri, in ba haka ba ka kuka da kanka. Suka maimaita sau uku.

Tsinin kara ne ya soki Baba a gonar rake, ga shi da ciwon suga. Babban yatsan ya yi baƙi, baƙin yana hawa. Kullum da yamma nakan durƙusa in gaishe shi, in saci kallon tsumman da ya naɗe wurin. Iyakar abin da bakina ya iya shi ne, "Baba, ko za a ɗan leƙa asibiti?"

"Na fi son maganin wanzami," in ji shi. "Su can ba su san komai ba sai yanka."

Shi ke nan, na ja bakina. A gidanmu 'ya ba ta ce wa uba gara ka yi kaza. Ina tsoron ya mutu, ina kuma tsoron ya ce na raina shi, kuma don wauta na bar tsoro na biyu ya danne na farko har kwana tara.

A rana ta goma na hau acaɓa zuwa Dandamisa wurin Gwaggo, taubashiyar Baba. Tsakanin taubasai babu kunya, duk abin da ta ga dama za ta yaɓa masa. Da muka iso gida, ko zama ba ta yi ba ta fizge tsumman, ta toshe hanci.

"Kai, ragon banza! Wannan ai mushe ne kake jinya. Tashi mu tafi, ko in sa a ɗaure ka a amalanke kamar buhun masara."

Baba ya yi dariya, ya kira ta mayya, ya nemi hularsa. Abin da ya gagare ni kwana tara, ta gama shi kafin ruwan da na kawo mata ya huce.

A asibiti likita ya duba ƙafar. Ya ce da an zo makon jiya, yatsa kaɗai za a cire. Yanzu sai daga ƙasan gwiwa.

Da Baba ya farfaɗo bayan aikin, ya dubi inda zanen da aka lulluɓe shi da shi ya lotsa, sannan ya dube ni.

"Malama, ke kin san haka za a yi?"

Na ce na sani.

"To, me ya hana ki faɗa mini?"