Fuskar Da Akwatin Hoto Ya Kasa Kamawa

Komai zan iya mantawa a duniyar nan, ban da ranar da aka fara ɗaukata hoto a Gusau. Lokacin ana tsakiyar aikin hanyar jirgin ƙasa, ni kuwa ina ɗan kama, ina bin kasuwanni daga Tsafe har Bungudu ina kwaikwayon mutane. Fuskata ce jarina. Yanzu in zama tsohuwa mai daddawa, an jima in koma Bafillacen da aka taya wa saniya da arha. Ƙanen mahaifina, wanda nake kira Baba, shi ke yi mini kalangu. Mun saba ƙwarai: ya taɓa, girata ta ɗaga, ya ƙara, bakina ya karkace.

Sai wani falke ya ce maigidansa na Zariya zai yi gagarumin biki, yana neman mai ba da dariya, amma ba ya gayyatar wanda bai ga kamanninsa ba. Har ma an riga an kai masa hoton wani ɗan kama. Wallahi na so tafiyar nan kamar me, don na gaji da wasa a bakin rumfar masu gishiri.

Mai hoton da muka je wajensa wani Bayarabe ne da akwati mai dogayen ƙafafu. Ya ce gilashin da hoto ke kamawa a kai guda ya rage masa, saboda haka ba sakewa. Ya zaunar da ni bisa turmi, ya gyara mini hula, ya ce, "Kada ka motsa ko ƙifta ido sai na faɗa."

Baba ya kwashe da dariya. "Wanga? Ai ko barci yakai fuskatai ba ta tsayawa!"

Na harare shi, na ɗaure fuska tamau. Mutumin ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Kafin nan jama'a sun kewaye mu, kowa ya yi tsit. To, a sana'armu babu abin kunya kamar taro ya haɗu a kanka a ji shiru. Baba ya duba hagu, ya duba dama, abin ya fi ƙarfinsa. Sai ji na yi kalangu ya ce kwan-kwan! Ban san lokacin da girata ta haye sama ba, baki ya bi ta, har da murguɗawar mai daddawa. Wuri ya kaure da shewa.

Da hoto ya fito, hula tsaf, riga tsaf, fuska kuwa kamar an dama fura. Raina ya ɓaci har na yi ƙwalla. Tun daga Gusau har garinmu Furfuri ina fushi da Baba. Ashe shi ya faki idona ya miƙa wa falken hoton.

Da falken ya dawo, tun daga nesa yake dariya. Wai maigidan ya dubi hoton wancan ɗan kaman, ya ce ai wannan gaisuwar mutuwa ya zo. Ya dubi nawa, ya yi dariya har rawani ya kwance, ya ce, "Ku kawo mini wanda akwatin Nasara ya kasa kamawa."

Muka je Zariya, ni da Baba da kalangunsa. Tun ranar na gane cewa abin da na yi ta fama in ɓoye don in yi kyau, shi ne abin da ake nemana dominsa. Ban sake ɗaure fuska don wani ba.