Yadda Na Ƙirga wa Birai Asirinsu a Duwatsun Bwari

Ni fa ban ce ina so ba. Ina zaman zamana a tashar Keffi ina lodin doya, sai Kawu Bala, masinjan ofishin En'e, ya je ya ba da sunana. Wai wani Bature, Dokta, yana neman mai jin Turanci ya raka shi daji kallon birai. Turancin nawa kuwa na aji huɗu ne, rabinsa ma a bakin direbobi na tsinta. Shekarata ashirin da uku, ban taɓa riƙe aikin da ya kai wata ba. Kawu ya ce in na yi abin kirki Baturen zai rubuta min takardar shaida a ɗauke ni malamin daji. In kuwa na dawo hannu rabbana, kar in ƙara taka masa zaure.

Litinin, Keffi zuwa Garki

Biyar saura kwata, ana kiran assalatu, muka tashi a jif ɗin Dokta, shi ke tuƙi. Shida da rabi muna Masaka, mil ashirin ko kusa. Na sayi ƙosai na taro, Dokta ya ci ɗaya ya shiga neman ruwa.

Gaba kaɗan, a bakin wata gada, sojoji sun sa shinge, kun san lokacin yaƙin basasa ne. Wani kofur ya zaro madubin hangen nesa daga jakar Dokta ya ce na mene ne. Na ce birai za mu kalla. Ya ce biran me suka yi? Na juya na tambayi Dokta, shi kuwa bawan Allah ya faɗa min tsakaninsa da Allah. Wai so yake ya san yadda namijin biri, in ya keɓe shi kaɗai, yake biya wa kansa buƙata da hannunsa, sau nawa a wuni, kuma wanne ne yake yi.

Nan na fara jin aikin da Kawu ya samo min. Na juya na ce wa kofur, "Oga, dawa suke ɓarna, gwamnati ta ce a ƙirga su." Ya ɗaga sanda muka wuce.

A hanya na ce Dokta, duk cutar da ke duniya ka rasa wadda za ka bi sai wannan? Ya ce ya duba birai a ƙasashe da dama, masu wutsiya da marasa wutsiya, kusan kowane iri yana yi. Abin da dangi duka suka yi tarayya a kai kuwa gado ne daga kakan kakanni, kuma ɗabi'a ba ta daɗewa haka sai tana da wani amfani. Amfanin yake nema. Na ce mu dai an ce mana biri da mutum ne, ya yi laifi aka mai da shi haka. Ya yi dariya har muka faɗa rami.

Fitar da jif daga ramin nan ya ci mana wuni, sai la'asar sakaliya muka shiga Garki, ƙauye ne na Gwari. Mai gari ya sauke mu, aka kawo tuwon dawa da miyar karkashi.

Talata, Garki zuwa Dutse

Bakwai na safe muka bi ta Durumi, matan Gwari na ratse mana da itace a kafaɗa. Mil goma sha biyu sai da suka ci mana awa uku. A Dutse, ta wajen Bwari, hanyar jif ta ƙare, sauran sai a ƙafa. Nan aka haɗa mu da Baba Shekwolo, maharbi, sa'an ubana, idonsa kamar na shaho. Wata Bafulatana ta dama mana fura ta sisi, ta ce in birai muke nema mu kwashe su duka, ba ta son ko ɗaya.

Laraba zuwa Juma'a, gindin dutse

Dokta ya raba aiki. Shi ya ɗauki gabashin dutsen, ni da Baba yamma, inda garken gwaggon biri ke shan hantsi. Baba ya gani ya faɗa, ni in duba agogo in rubuta a littafin da Dokta ya ba ni, kowane abu da layinsa. Kwana uku muna yi. Cin abinci na rubuta, faɗa na rubuta, cire wa juna ƙwarƙwata na rubuta. Layin da aka zo dominsa kuwa fari fat.

Juma'a da azahar Dokta ya ajiye littafinsa kusa da nawa, nasa cike, nawa ba ko ɗigo. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce ko dai barci nake a inuwa, ko ƙarya na yi masa ban iya rubutu ba. In gobe ma haka ne, zai sa ni a motar kasuwa, takarda kuma in manta da ita.

Wallahi ba barci nake ba. Abin da ke faruwa shi ne, da biri ya koma gefe ya fara, sai in sunkuyar da kai in shiga gyaran takalmi, don ba zan kalli wannan abu a gaban dattijo ba. Ashe shi ma Baba a daidai lokacin yake juya baya ya shiga neman tabarsa. Mutum biyu, ido huɗu, ba wanda ya gani. To ta yaya zan yi wa Bature bayanin kunya da Turancin aji huɗu?

Na sami Baba na kewaya, na kewaya, har ya gane. Ya tofar da taba ya ce da Hausarsa ta Gwari, "Yarona, ni bakina ba za ta faɗi wannan ba. Ko matata ban faɗa masa."

Na ce to kar bakin ya faɗa.

Asabar da Lahadi

Na zaunar da shi bayan wani dutse, ni a ɗaya gefen, ba mai ganin fuskar wani. Na ajiye ƙoƙo a tsakani, na tara masa tsakuwa. In ya ga biri ya fara, ya jefa ɗaya a ƙoƙon. Tara da minti goma na ji ƙwal! Na ɗaga madubi, na ce astagfirullah, na rubuta. Kafin azahar ƙoƙon nan sai ƙara yake.

Da na daina kau da kai kuwa sai na ga abin da na sani tun a tasha. Babban namijin, mai gashin wuya, ko sau ɗaya bai yi ba, shi ne direba, gidan gaba nasa ne. Masu yin su ne 'yan gefe, waɗanda ake kora kamar yaran mota, kuma sai in akwai macen da ta zo lokacinta a kusa. Har sau biyu na ga wani mai yagaggen kunne ya fara shi kaɗai, da babban ya juya sai ya ruga wajen macen, kafin a farga ya gama ya haye dutse.

Na kai wa Dokta labarin da Turancin da ya samu da hannu da ƙafa. Ya sa na maimaita sau uku. Ya ce shi lissafin yawa yake ta yi, bai lura da matsayi ba. Watakila amfanin ke nan, wanda ba shi da lokaci ya shirya tun kafin dama ta zo. Ya ce watakila kuma yana wanke musu cuta, wannan sai an bincika. Ya kama hannuna ya girgiza, ya ce wa ya koya min. Na ce yaran mota.

Baba da muka yi sallama, ƙoƙon nan ya wanke ya ba ni da zuma a ciki.

Talata, gida

Biyu da rabi na rana muka shiga Keffi. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Baba da mutanen Garki da alheri. Takarda na aljihuna, da hatimi. Kawu ya jujjuya ta, ya ce ashe za a yi mutum.

Sai dai labari ya riga ni isa majalisar Tanko tela. Ina zama Tanko ya tsai da keke ya ce ga malamin birai ya dawo, wanda ya yi kwana tara yana leƙen abin da ko kare ya gani sai ya kau da kai. Aka bushe da dariya. Na ce ilmi ne, ya ce iskanci ne. Na ce har ƙasar Turawa za a karanta, ya ce can ya dace. Samari suka taya shi, wai su ko a mafarki ba su san wannan abu ba.

Na zaro littafin na buɗe, na lashi bakin fensir, na dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Da sauran shafi goma, kuma yanzu na san yadda ake gane mai yi. Da wa zan fara?"

Tanko ya sunkuya ya ci gaba da taka kekensa.