Makirfo Biyu a Kan Gangunan Bahago

Yayana bai taɓa mallakar abu mai tsada ba sai kunnensa. Shekara ashirin da shida yana haɗa sauti. Da farko a wuraren taro, tsaye a gindin lasifika tun safe har yamma, daga baya kuma a wani ɗaki da ya kama jikin shagon ɗinkina, ya raɗa masa suna sutudiyo. Bangon duk tsofaffin katifu ne da kwalayen ƙwai, ƙofar kuwa ba ta rufuwa sai ka tallafe ta da ƙafa. Duk da haka mutane na zuwa, suna kiransa Injiniya, har ana cewa ko sauro ya gifta yana cikin ɗaukar sauti sai ya ce a sake. Ni kaina na sha faɗa a kan keken ɗinkina. Sai ya buga bango ya ɗaga murya, "Auta, ki sa wa abin nan mai, ina jin sa a cikin waƙar mutane!"

Ban lura da lokacin da ya daina buga bangon ba. Na ɗauka girma ne ya koya masa haƙuri.

Yana da aboki tun na samartaka, ana ce masa Bahago, makaɗin ganguna irin waɗanda ake jerawa a zauna a tsakiyarsu, da farantan tagulla a sama. Bara hannun hagun nan da ya ba shi suna da abinci ya fara rawa, likita kuma ya ce abin gaba zai yi. Sai ya sayar da gangunan, mai saye zai zo da mota ranar Asabar. Ranar Talata ya zo ya zauna a kan bencina, ya danne hannun a ƙarƙashin cinyarsa don kada mu gani.

"Injiniya, so nake ka ɗauke ni sau ɗaya," in ji shi. "Shekara talatin ina kaɗa wa mutane daga baya, babu inda aka ji ni ni kaɗai. Ko 'yata ta samu abin da za ta sa wa 'ya'yanta."

Yaya ya amsa kafin ya rufe baki. Sai da Bahago ya tafi ya fara sosa ƙeya. Ya bayyana min cewa ganguna irin waɗannan sai an rataya musu makirfo biyu daga sama, ɗaya dama ɗaya hagu, iri ɗaya kamar tagwaye, don su ne ke kwaso dukan kayan, musamman farantan. Nasa kuwa ɗaya ya mutu tun wata shekara da ba ya son a tuna masa.

Washegari na bi shi kasuwa, tunda ni ma zare zan saya. A shagon kayan sauti akwai makirfo masu kyau a cikin gilashi, irin waɗanda mu sai dai mu gaishe su mu wuce. Mai shagon, mutum mai sanyin magana, ya fito da masu araha kala biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ya jona na farko, ya miƙa wa Yaya abin sawa a kunne, sannan ya ɗauko makullansa yana kaɗawa a gaban makirfon. Haka ake gwadawa, don ƙarar makulli siririya ce irin ta faranti.

Yaya ya yamutsa fuska. "Wannan kamar an lulluɓe shi da bargo."

Aka jona na biyu. Nan take fuskarsa ta saki. "Yauwa! Ka ji sauti."

"Injiniya, ka sake ji," in ji mai shagon. "Waɗannan kaifinsu ya yi yawa. In faranti ya shige su sai sun tsaga wa mutum kunne. Na farkon su ne daidai da ganga."

"Yau kuma ni za a koya wa sauraro?" Yaya ya faɗa yana dariya. "Naɗe min na biyun."

Ni ma har da taya shi, na galla wa mutumin harara, wai yana so ya cusa mana kayan da suka ƙi tafiya. Wannan hararar har yau ina jin kunyarta.

Ranar Jumma'a aka jera ganguna. Yaya ya ari tef ɗina na awo, ya auna daga tsakiyar ƙaramar ganga zuwa makirfon dama, ya auna zuwa na hagu, ya sake, ya sake, sai da suka zo daidai ko yatsa babu. A nan babu wanda zai kushe shi. Da Bahago ya ɗan gwada, Yaya ya ce farantan sun yi nisa, ya kama maɓallin da ke ƙara kaifin sauti a jikin tsohuwar miksarsa, na'urar haɗa sautin, ya murɗa, ya saurara, ya ƙara murɗawa. Ina ganin 'yan fitilu suna yin ja, amma me na sani? Ni tela ce.

Bahago ya yi kusan minti arba'in yana kaɗawa. Sau biyu sanda ta kuɓuce masa, ya ɗauka ya ci gaba. Ban taɓa jin ya yi kiɗa irin na ranar ba. Da ya gama rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannun na ta karkarwa a kan gwiwarsa, bai ma ɓoye shi ba. Ranar Asabar mota ta zo ta kwashe komai.

Lahadi da hantsi muka taru don mu ji, har da 'yar Bahago da jaririnta a baya. Yaya ya kunna. Gangunan suna nan, ana jin su, amma duk sanda aka taɓa faranti sai ka ji kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai a cikin kanka. Jaririn ya tsala ihu. Uwar ta fita da shi tana toshe kunne ɗaya da kafaɗa. Na juya ga mazan nan biyu, sai na gan su sun lumshe ido suna gyaɗa kai. Bahago ma ai shekara talatin farantan suna gefen kunnensa.

"Kai, Injiniya," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. "Tas! Kamar ina zaune a kai."

Bayan sun tafi Yaya ya ce, "Auta, me ya sa kika yi fuska haka?"

Na so in yi ƙarya, amma ban iya ba. Na faɗa masa. Ya ce kunnen tela ne, ya saba da ƙarar keke. Duk da haka ya kai wa wani abokin sana'arsa kiɗan, shi kuma ya ce sautin a fashe ya shiga, abin da ya shiga a fashe kuwa sai dai a rage, ba ya warkewa. Ko da an samo wasu gangunan, hannun Bahago ba zai sake ba da minti arba'in ba.

Da Yaya ya dawo bai zauna ba. Ya miƙo min makullan sutudiyo, ya juya min baya yana fuskantar katifun bango.

"Koma bakin ƙofa ki kaɗa. In na ji zan ɗaga hannu."

Na koma na fara kaɗawa. Na matso taku biyu. Na ƙara matsowa.

"Kin fara?" ya tambaya.

Hannuna har ya gaji a lokacin.

Tun daga nan bai sake karɓar aikin ɗauka ba. Yanzu wayoyin lantarki yake liƙa wa mutane da dalma, ya ce wannan aikin ido ne. Bahago na sa kiɗansa kullum a waya, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa kunnen Injiniya babu irinsa a garin nan, Yaya kuma sai ya sunkuyar da kai yana hura wa dalmarsa iska. 'Yar Bahago kuwa ba ta taɓa sa wa yaron kiɗan ba. Makirfo biyun suna nan a rataye inda aka auna su, a saman kafet ɗin da har yanzu yake da shatin ƙafafun ganguna.

Ni kuwa wata huɗu ke nan ban sa wa kekena mai ba. Yana ƙugi har masu kawo ɗinki suna min magana. Ina takawa, ina jiran a buga bango.