Ƙugi a Rediyon Likitan Shanu

Aikina gyaran rediyo ne, a wata rumfa da ke bakin hanyar shiga kasuwar Jega. Karatuna bai wuce firamare ba, amma wanda ya koya mini aiki ya bar mini tsari, kuma ba na wasa da shi. Idan aka kawo rediyo, na farko a duba wuta. Na biyu a duba waya da darma. Na uku a duba sifika. Na huɗu a saka abin da kunne ya riga ya sani, a saurara. Saboda wannan na huɗun nake ajiye wani tsohon kaset na karatu, wanda na san har inda mai karatun ke jan numfashi. Akwai kuma magana ɗaya da ban taɓa faɗa wa mai kaya ba tun da na buɗe rumfa, wato in ce abu ya gagare ni. Mutane sun san haka. Shi ya sa ake tsallake masu gyara a Aliero da Maiyama a kawo mini.

A zamanin da faifai ya fara korar kaset, wata ranar kasuwa, wani mutum ya tsaya da babur a gabana. Na san shi sama-sama. Mutumin Mungadi ne, ya yi karatu a ƙasar waje, ya dawo yana yi wa shanu allura a rugagen Kuberi da Karaye. Kowa likitan shanu yake ce masa. Ya kwance wani rediyo mai sifika biyu daga bayan babur, ya ce ya faɗo masa a hanya, tun daga nan ya yi shiru.

"Malam, kasuwa mai zuwa zan dawo," ya ce. "Shi kaɗai ne abokin hirata in na dawo daga daji."

Na ce Allah ya kai mu.

Washegari na buɗe shi. Wuta lafiya. A mataki na biyu na ga waya ɗaya ta tsinke daga darma, na narka na mayar da ita. Sifika biyun na gwada su da batir, kowace ta amsa. Sai na zo na huɗu, na tarar rediyon ba shi da wurin kaset ko kaɗan, faifai kawai yake ci. Ni kuwa ba ni da faifai ko ɗaya. Amma akwai wani a ciki, wanda likita ya manta. Na ce ai kiɗa kiɗa ne, na danna.

Da farko wani sauti ne siriri mai tsabta, kamar ana taɓa molo a hankali. Har na miƙa hannu zan ɗauki murfi in rufe. Sai kawai abu ya fashe. Ƙugi mai kauri, mai tsatsa, irin wanda nake ji idan takardar sifika ta yage ko wayar cikinta ta ƙone. A bayansa ganga na gudu kamar ana sussukar gero da turmi goma, wani kuma na gurnani daga can cikin maƙogwaro. Na yi sauri na kashe.

Maƙwabcina a rumfa wani dattijo ne mai ɗinkin buhunan albasa. Ya girme ni sosai, kuma tsokanata ita ce abincinsa. Ya ɗago kai daga basillarsa.

"Injiniya, mi kag gyara nan? Rediyo ko injin niƙa?"

"Baba, sifika ce. Bari ka gani."

"To in ka gama, ga dawata nan a niƙe mini."

Na ciro sifikar hagu, na duba takardarta a rana, ban ga yaga ba. Duk da haka na sa wata daga cikin nawa. Ƙugi na nan. Na canza ta dama. Ƙugi na nan. Rana ta uku na koma kan ɗan allon da ke ƙara sauti, na cire ƙananan kaya biyu da nake zargi, na sa sababbi. Na kunna, siririn sautin ya zo, abu ya sake fashewa a daidai inda ya saba.

Dattijo ya ce, "Saura kwana huɗu hwa. Ni dai ina son in ji bakinka ya hwaɗi maganar nan ko sau guda kahin in mutu."

Gaskiya ta dame ni. Ina cin abinci ina tunanin allon nan. Na fara shirya yadda zan faɗa wa likita, in ya zo, cewa kayansa ya fi ƙarfina, kuma na san kafin la'asar labari ya kai tashar Aliero.

Rana ta huɗu na zauna na bi tsarina daga farko, da baki, kamar mai tilawa. Da na zo na huɗu sai na tsaya. Abin da kunne ya riga ya sani. Ni kuwa na saka abin da kunnena bai taɓa ji ba, na kuma yanke hukunci a kansa har kwana uku. Na tashi na shiga kasuwa wurin mai sayar da faifai, na ari faifan wa'azi na wani malami da na san muryarsa. Na saka. Murya ta fito tas, har tarin wani a cikin masu sauraro na ji.

Ashe rediyo ya warke tun ranar farko, da waya ɗaya.

Na mayar wa rediyon likita sifikunsa na asali da ƙananan kayansa, kowanne a gurbinsa. Saura faifan. Na ɗauka shi ne ya lalace. Na duba bayansa, babu ƙarzuwa. Na goge shi da tsumma mai laushi, na sake kunnawa, wannan karon da agogo a gabana da takarda. Ni ba mai sauraron kiɗa ba ne, ban taso da shi ba, amma ina so in san wace irin lalura ce wannan.

Ga abin da na gani. Ƙugin yana shiga a wuri ɗaya kullum, ba ya gaba ba ya baya. Yana tsayawa cak tare da ganga, kamar an yanke da wuƙa, siririn sautin ya dawo babu ko ɗigon tsatsa. Na yi shekara da shekaru ina jin ƙugin kayan da suka lalace, kuma ban taɓa jin wanda ke jiran ganga ba. Lalura ba ta da lokaci. Wannan da gangan aka yi shi. Wasu mutane sun zauna, sun nemo sautin da nake kashe rayuwata ina korarsa daga rediyon jama'a, sun mai da shi kayan aiki.

Daga nan sha'awa ta kama ni. Waƙa ta farko kaɗai ta kusa sulusin awa. Na gwada ƙirga bugun da yatsa a kan tebur. Kiɗan da na saba ji a gari huɗu-huɗu yake tafiya, ko shida. Wannan sai na ƙirga bakwai, ya maimaita bakwai, ya koma biyar, ya dawo bakwai. Na rubuta. Waƙoƙi takwas ne a faifan, ba tazara tsakanin wasunsu. Da na kai ta ƙarshe, sai ga siririn sautin nan na farko ya dawo, a hankali, ya rufe. Na sake jin ta farko don in tabbatar. Shi ne.

Dattijo ya gaji da jira ya ce, "Injiniya, gyara kaka yi ko aljanu kaka kira?"

"Baba, mutanen nan suna da tsari."

"Wanga gurnani? Raƙumina da ya mutu ya hi su murya."

Ranar kasuwa likita ya zo da hantsi. Dattijo ya ajiye buhu ya gyara zama. Na miƙa rediyo, na ce ya gyaru. Sannan na faɗa masa sauran, don kayansa ne, yana da haƙƙin sani: cewa na cire masa sifika biyu masu lafiya da kaya biyu masu lafiya, na mayar, duk saboda na ɗauki kiɗansa a kan lalura.

Ya yi dariya har ya dafa babur. "Malam, kwana uku kana gyaran jita?"

Ya ce jita ce ta lantarki, ana bi da sautinta ta wata na'ura don ya yi wannan tsatsar. Ya ce can inda ya yi karatu ana kiran irin kiɗan da sunan ƙarfe mai nauyi, wannan kuma reshe ne na masu dogon zango, waɗanda ba sa zama kan bugu ɗaya. Na tambaye shi abin da ya fi damuna, ko zagi ne ko batsa mai gurnanin ke yi, don in haka ne ba zai sake shiga rumfata ba. Ya ce a'a, faifan gaba ɗaya labarin mutum ne da ke jinyar mahaifinsa. Inda ake gurnani fushinsa ne, inda sauti ya yi siriri yana zaune a gefen gado.

Na nuna masa takardata. Ya daina dariya. Ya bi lambobin da yatsa, ya ce shi shekara nawa yana jin faifan nan bai taɓa lura bakwai ne ba.

Bayan haka ya riƙa kawo mini sauran faifansa ɗaya bayan ɗaya, duk na shekarun farkon ƙarnin nan. Shida na ji. Biyu hayaniya ce kawai, gudu daga farko har ƙarshe, na mayar masa washegari. Ɗaya mai jan kwali ganga biyu yake da su masu tafiya daban-daban, sai can su haɗu. Na so shi. Wani ba a rera komai a cikinsa sai kusan ƙarshe. Amma na farkon nan shi na sa a gaba, har yau, don shi ne ya san inda ya taso ya kuma koma can.

Akwai wuri ɗaya a waƙarsa ta biyar da na kasa ƙirgawa. Na gwada tara, na gwada sha ɗaya, bai zauna ba. Wata rana dattijo ya ga ina ta buga tebur ina tsaki, ya tambaye ni mene ne. Na ce, "Baba, wurin nan ya gagare ni."

Ya ajiye basilla, ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi, na ji da kunnena!"

Na ce masa kiɗa na faɗa, ba rediyo ba, kuma rediyon yana Mungadi yana aiki. Ya ce shi dai ya ji.

A makon na sayi faifan wa'azin da na ara, na ajiye shi kusa da tsohon kaset. Na kuma ƙara mataki ɗaya a gaban na farko. Yanzu duk wanda ya kawo kaya, kafin in taɓa sukundireba, sai na tambaye shi me yake saurare da shi.