Katangar da Muka Haura Saboda Gola

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu da muka yi aiki ofis ɗaya sai na yi ta lalube kafin in tuno. Amma ranar da aka buɗe kakar ƙwallo ta wata shekara a zamanin mulkin soja, ranar da na ga bakin bindiga yana kallon ƙirjin ƙanena, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikacin gwamnati, muna zaune a Unguwar Dosa, ni da mahaifiyarmu da ƙanena. Unguwarmu tana da kulob ɗin ƙwallo, irin na can ƙasan nan da ba a jin sunansa a rediyo ko da kuskure. 'Yan wasanmu akwai makaniki, akwai tela, akwai masu tura baro a Babbar Kasuwa, jesinsu kuwa ta sha wanki har lambobin sun koɗe. Ƙanena shi ne gola. Dogo ne, ga faɗin hannu, ga zuciya a kusa, ga baki: in ya kama ƙwallo sai ya bi mai bugun da baƙar magana. Ni kuwa ban taɓa iya taɓa tamaula ba. Aikina ihu, da zagin alƙalin wasa daga inda ba zai gane ni ba.

Wanda ya taɓa bin ƙaramin kulob ya san farkon kaka daban yake. A kakar da ta wuce saura kaɗan mu zama na ƙarshe, amma hutu ya mantar da mu. A teburin mai shayi kullum da safe mun riga mun haye rukuni na gaba, ana ma gardamar wanda zai riƙe kofi a hoto. Wasanmu na farko aka ce a Mando za a yi, a wani fili mai katanga, ranar Asabar da la'asar.

To, a nan sai na yi bayanin wata al'ada tamu. Ba a yarda gola ya shiga filin abokan karawa ta ƙofa ba, musamman a wasan farko. Cewa ake yi masu gida suna binne abu a bakin ƙofa, da gola ya tsallaka sai hannunsa ya mutu, ƙwallo ta riƙa zame masa kamar sabulu har kaka ta ƙare. Sauran 'yan wasa za su iya bi ta ƙofa, gola kuwa sai ta katanga. Ba wanda ya taɓa ganin abin da aka binne, amma kowa ya san wani da ya san wanda ya gani. Masanin wannan harka a wajenmu shi ne direban bas ɗin da ke kai mu wasa, wani Bakatsine mai yawan dariya, wanda shi ne kuma shugaban magoya baya. Babu katangar fili a garin nan da bai san gefen da ake hawa ba, a cewarsa.

Da za mu fita ranar, mahaifiyarmu ta kira ni gefe ta ce, "Ka san halin ƙanenka, bakinsa ba ya shiru. Kai ne babba, ka dawo mini da shi lafiya." Na ce mata ai ƙwallo ce kawai, Inna, ba yaƙi za mu ba.

Damina ce, dawa ta yi tsayi ko'ina a gefen gari. Muka isa Mando, 'yan wasa suka sauka suka nufi ƙofa, mu uku muka zagaya ta baya: direba da jaka a kafaɗa, ƙanena, da ni mai riƙon amana. Muka kutsa cikin gona, ganyen dawa yana yankar mana hannu, ba ka ganin komai sai sama. Can direba ya tsaya a gindin wani mangwaro ya ce, "Yauwa, nan ne. Bara ma ta nan munka hau."

Ina jin gangar magoya baya, amma kamar daga hagu take fitowa, ba daga bayan katangar ba. Na faɗa masa. Ya ce, "Iska ce ka ɗaukar ta. Kai dai ma'aikaci, bar dogon Turanci ka hau." Katangar sabuwa ce fil, ta kuma fi ta filin ƙwallo tsayi. Yanzu da nake tunani, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mai hankali, amma a ranar hankalinmu yana wajen kofi. Ƙanena ya ɗare ya dira. Direba ya tura ni, shi ma ya biyo baya.

Da ƙafata ta taɓa ƙasa na san mun shiga uku. Babu fili, babu raga, babu 'yan kallo. Ciyawa ce an aske ta tas, an jera duwatsu masu farin fenti, can gaba ga manyan motoci koraye a layi. Ashe a lokacin hutu masu kakin da barikinsu ke maƙwabtaka da filin sun faɗaɗa harabarsu, sabuwar katangarsu ta zo dab da ta filin, mangwaro kuma ba ɗaya ba ne a wurin.

"Kai! Kar wanda ya motsa!"

Na ji ƙarar ɗana bindiga, ƙarar da ban taɓa ji ba sai ranar, amma jikina ya gane ta kafin kaina. Wani soja ne matashi, gumi yana zubo masa, bindigar tana rawa a hannunsa. Rawar nan ita ta fi komai tsorata ni, domin na gane shi ma tsoronmu yake ji. Zamani ne da jita-jitar juyin mulki ba ta ƙarewa, masu kaki kullum a ɗarare suke, kuma kowa ya san mutum yana iya shiga hannunsu a yi watanni danginsa ba su san inda yake ba.

Ni da direba muka zube rub da ciki. Direba ya kama salati, dariyar nan tasa duk ta gudu. Ƙanena kuwa durƙusawa kawai ya yi, ya ce, "Oga, ƙwallo muka zo bugawa, bari ka gani," ya miƙa hannu zai buɗe jakar da ta faɗi a gabansa. Sojan ya juyo da bindigar ya saita ƙirjinsa, yana ihu, yatsansa a kan kunamar bindigar. Ban san lokacin da na damƙi idon sawun ƙanena ba. Na ce, "Don Allah, don darajar Inna, ka kwanta." Muryata ko ni ban gane ta ba. Ya dube ni, ya janye hannunsa a hankali, ya kwanta.

Wasu sojojin suka taho da gudu. Da tsallen kwaɗo aka kai mu gaban wani ofisa da ke zaune a inuwar garejin motoci, cinyoyina suna wuta. Wani saje ya zazzage jakar a ƙasa: ƙwallo, safar hannun gola, sai kayan direba, wato ƙwai biyu, kwalbar rubutu, da wata laya naɗe da jan zare.

Ofisan ba mai ɗaga murya ba ne, Hausarsa irin ta bariki. Ya ce, "Wa ya aiko ku?"

Ni na yi bayani. Ban taɓa faɗar al'adar nan da baki ga wanda bai san ta ba, kuma ina faɗa ina jin yadda take fitowa kamar zancen taɓaɓɓe. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Filin yana da ƙofa?"

"Yana da ita, ranka ya daɗe."

"A buɗe take?"

"A buɗe take."

"Kun bar ƙofa a buɗe, kun hau katangar soja."

Sajen ya ce wannan labari bai kama hankali ba, a kulle mu a gadirum, ɗakinsu na tsare masu laifi, sai Litinin masu bincike su zo. Babu wanda ya ga inda muka shiga. Na hango Inna tana leƙen ƙofar gida da magariba, tana tambayar yaran unguwa ko bas ta dawo.

Ofisan ya ɗauki safar hannun yana juya ta. Ya ce, "Waye golan?" Ƙanena ya ɗaga hannu. Ofisan ya jefa masa safar, ya sa aka ajiye durom biyu a kan ciyawa a matsayin raga, ya ce, "Zan buga maka uku. In kai gola ne, zan sani. In ba gola ba ne, ku duka za ku gaya mini ko ku su waye a wancan ɗakin."

Kada wani ya ɗauka sauƙi ya zo. Ni sabon tsoro ne ya kama ni. In ƙwallo ta wuce shi, mun zama maƙaryata. In kuma ya tare duka, ya kunyata ofisa a gaban yaransa, ga shi na san abin da bakinsa ke yi bayan ya kama ƙwallo. Direba ya raɗa masa, "Ka bar mishi guda ta shiga, don Allah." Ya kuma lallaɓa hannu zai tura masa layar, ofisan ya ɗora takalminsa a kanta ya ce, "Wannan ta zauna nan."

Haka ƙanena ya tsaya tsakanin durom biyu, ba laya, ba rubutu. Ofisan ya ja da baya ya sheƙa ta farko da takalmin soja. Ƙanena ya yi tsalle ya ture ta waje. Ta biyu ya bugo ta da ƙarfin gaske, tsakiya, ta daki ƙanena a fuska, amma ya rungume ta a ƙasa. Da ya miƙe jini yana ɗiga daga hancinsa. Na dubi fuskar ofisan ban ga alamar wasa ba. Da ya ja baya zai buga ta uku, na runtse ido ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, ban ma san wanne nake roƙo ba, ta shiga ko kada ta shiga.

Na ji ƙarar bugu, na ji ƙarar safa. Na buɗe ido, ƙwallo tana hannun ƙanena.

Na ga ya ja numfashi, leɓensa ya motsa, baƙar maganar nan ta taho har bakin ƙofa. Sai idonsa ya faɗo a kaina, ina durƙushe a ƙasa, ina girgiza masa kai, hawaye suna bin fuskata, ni da nake yayansa. Ya haɗiye maganar. Ya sunkuya ya gangaro da ƙwallon a hankali har gaban ofisan, ya tsaya hannuwansa a baya.

Ofisan ya sa ƙafa ya tare ƙwallon. Sannan ya ce wa sajen, "Gola ne. A fitar da su." Muna tattara kaya ya ƙara da cewa, "Ta ƙofa. Kuma a raka su, can ma ta ƙofa za su shiga."

Sojan nan da ya kusa harbe ƙanena, shi aka haɗa mu da shi. Ya tasa mu gaba har bakin filin, ya tsaya sai da ya ga ƙanena ya taka ƙofar nan da muka yi ta gudu, a gaban kowa da kowa. Masu ganga ma sai da suka dakata. Ana shirin sa wani ɗan baya ya tsaya a raga ke nan muka iso.

An ci mu biyu da nema. Mutumin da hancinsa ya kumbura, cinyarsa ta sage, me kake so ya yi? Amma a bas muna komawa sai na ji wani daga baya yana cewa, "Ai dama, tunda ya bi ta ƙofa." Wasu suka ce ƙwarai kuwa. Na waiga, sai ga direba da kansa yana gyaɗa kai a madubi, mutumin da ɗazu yake salati da ƙasa a bakinsa! Na miƙe zan yi musu tas, ƙanena ya riƙe mini riga ya ce, "Yaya, ƙyale su. Ni na tare uku ba laya, na kuma san abin da na gani." Da muka isa gida Inna ta tambayi hancin, muka ce ƙwallo ce ta buge shi, kuma ba ƙarya muka yi ba.

Ƙanena ya ƙara shekaru yana tsaron raga, bai sake hawa katangar kowa ba, an ci shi, ya kuma tare, kamar kowane gola. Yau ya yi furfura, hancin yana nan a ɗan karkace, kuma duk ranar da na kalle shi sai gabana ya faɗi. Abin da ranar ta koya mini shi ne, tsoron abin da ba wanda ya taɓa gani a ƙarƙashin ƙasa shi ya ɗauki ɗan'uwana ya ajiye shi a gaban bindiga ta gaske. Tun daga lokacin, duk wanda ya ce mini kada in bi ta ƙofa, komai yawan waɗanda suka yarda da shi, sai na fara tambayarsa ko ya san abin da ke bayan katangar.