Ranar da Na Raba Inna da Tukunyarta

Shekarun da na yi ina ɗinki a wani shago a unguwar Sultana ta Madina, jikina ne kawai a kan keke, hankalina yana unguwarmu Bani Harisa, a benen da Inna take dafa turarenta. Ko jiniyar motar kashe gobara na ji sai na karkace ɗinki.

Da sana'ar humra Inna ta zo daga Chadi, tun ba a haife ni ba. Amaren Hausawan Madina kaɗan ne suka tare babu kwalbarta a kayansu. A nan ta ƙaro wata dabara. Takan jiƙa furen wardi a sibirto, ruwan nan mai saurin kama wuta da masu turare ke sayarwa, ta zuba a tukunyar tagulla ta ɗora a gas, tururin ya bi bututu yana ɗiga cikin kwalba. Ƙamshi kam ba a magana. Yadda take aikin ne ya hana ni sakat. Sai ta rufe tagar kicin ruf, ta kashe fanka, ta cusa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasan ƙofa.

Na sha ce mata, "Inna, don Allah ki buɗe taga. Tururin nan in ya taru, ƙyastu ɗaya ya ishe shi."

Amsarta ba ta canzawa. "Ke 'yar nan, a garin Manzo? Maƙwabta su ji warin sibirto su ce tsohuwar nan giya take dafawa? Gara a fitar da gawata."

Kuma har zuciyarta take faɗa. Ni kuwa gawar ce ba na so a fitar. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Na sayo mata murhun lantarki, ta ce bai san hannunta ba, ta mayar da shi mazaunin kwanuka. In ina wurin aiki sai in yi ta kiran wayarta, in ta ɗauka ta ce, "Ina nan da raina, yalla, koma ɗinkinki." In ba ta ɗauka ba kuma, sai in yi ta sake kira har ta ɗauka.

Wata Alhamis da azahar ba ta ɗauka ba. Na yar da rigar mutane na tari tasi. Ina tura ƙofar kicin warin ya doke ni har hawaye. Tana zaune a 'yar kujera, idanu jajur, bututun yana tsiyaya ta wurin haɗi. A gefenta kuma, ka ji wai, kasko ne cike da garwashi, tana turara sandal na wata amarya don kada lokaci ya ƙure.

Kafin in buɗe baki na ji fuu. Wutar sibirto shuɗiya ce, da rana da ƙyar ake ganinta. Ni dai hannun rigarta na ga yana naɗewa yana baƙi. Abin da har yau ke tayar mini da hankali, ko uffan ba ta ce ba. Ta datse leɓe tana bugun hannun a cinya, don kada a ji. Na murɗe kan gas, na fizgo tsumman ƙofa na danne mata hannu, na kifa faranti a kan kaskon, na banke taga. Sai a lokacin ta yi magana.

"A hankali mana. Za su leƙo."

Ƙunar ta tsaya a hannu, ta kuma warke. Amma tun kafin ta warke, ranar da ƙanena ya kai ta wankin ciwo, na kwashe tukunyar da bututunta na ba mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ban yi nadama ba, ko yau ma haka zan yi. Na shirya wa bala'inta, na tanadi amsoshi. Ta dawo ta dubi wurin, ta dube ni, ta wuce ɗaki.

Matan da ke zuwa sayen turare suna cika mana falo da surutu suka ragu, daga baya suka ɗauke ƙafa. Ina tsammanin yanzu zan yi ɗinki cikin natsuwa, ina! Sai na koma tunanin me take yi ita kaɗai tun safe.

Ran nan na dawo da wuri na same ta a bakin gado, ta buɗe wata tsohuwar kwalba da babu ko ɗigo a ciki, tana shaƙa ido a rufe. Da ta ji motsina sai ta yi maza ta ɓoye ta a bayanta, kamar ni ce uwar.