Kunyar Bukar a Mashigin Guri

Haɗeja. Muna idar da sallar asuba muka kora jakai. Ni wanzami ne, an kira ni kaciya a Guri. Na bi ayarin Baba Maina mai fataucin kifi da Bukar mijin 'yarsa, wanda ko tari ba ya yi a gaban surukinsa.

Mashigi. Da hantsi muka tarar ruwa ya cinye hanya, muka shiga kwalekwalen masunta, jakai suka biyo mu da iyo. Dab da gaɓa ya daki kututture ya kife. Muka fito jiƙe sharkaf.

Baba Maina ya taka ƙayar kifi, ya zube yana kururuwa. "Wayyo, na tafi! Ku gaya wa iyali su yafe ni!" Kowa ya rufu a kansa. Ni kuwa na san mai wannan murya ba yau zai tafi ba. Wanda ya yi shiru nake nema.

Can na hango Bukar zaune, ya juya mana baya. Leɓɓansa sun yi fari, gumi mai sanyi na keto masa.

"Bukar, lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

Yashin da ke ƙarƙashinsa ya yi ja. Mashin masunta ne ya huda masa cinya. Na kai hannu, ya riƙe wando gam, ya saci kallon surukinsa. Na gane ba zai saki wando a gabansa ba.

Na koma wajen Baba Maina da gudu, na shirga masa ƙarya. "Baba, dafin nan ya kusa kai zuciya! A kai shi ƙauye, a tsoma ƙafar a ruwan zafi!" Aka kinkime shi yana salati. Sai da ya ɓace Bukar ya saki wando. Na cusa tsumma, na danne da gwiwata, na ɗaure tam da rawanina har jinin ya tsaya.

Guri. Mun sha fura, mun ci tuwo da miyar kifi. Baba Maina ya ci malmala biyu don jinya.

Gida. Bukar a kan jaki ya dawo, Baba Maina na ba kowa labarin yadda ya leƙa lahira. Washegari Bukar ya rarrafo ya gaishe da surukinsa da jiki, sai na fasa ƙwai, na faɗi raunin da ya ɓoye.

Tsohon ya dubi Bukar. "Da ka mutu, me zan gaya wa 'yata?"

Bukar ya sunkuyar da kai. "A yi haƙuri, Baba."

Godiya ga Allah da ya maido mu duka uku.